Fim ɗin Bahago da Littafin Baba

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya sa albarka a neman da ya kai ku can, Ya kare ku daga sharrin baƙunta, amin. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana iya tsayuwa a salla, sujada ce dai sai a kan kujera. Maigidana yana nan yana fama da injinan mutane, kullum ya dawo hannu baƙi ƙirin. 'Yan biyuna sun shiga aji na gaba, macen ta zubar da haƙoran gaba, in ta yi dariya sai ka ce ɗakin da aka cire wa ƙyaure. Gwaggo ta dawo daga wajen 'yarta, an samu namiji, uwa da ɗa suna lafiya. Auta kuma tana shekararta ta ƙarshe a jami'a.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena a wannan zamani da kowa ke danna waya. Dalili shi ne, duk ranar da ka kira, Mama na gefena tana jiran a miƙa mata, kuma maganar da ke bakina ba ta faɗuwa a gabanta. Na sha fara yi maka saƙon murya ina gogewa. Da na ji ƙanen Anti zai taso wajenku, sai na ce bari in zauna in zube maka komai a rubuce, ka karanta a natse. Wataƙila ka lura ban sa Baba a cikin masu lafiya ba. Ba ciwon asibiti yake yi ba, amma ba zan ce maka lafiyarsa ƙalau ba.

Ka tuna Bahago, ɗan ajinku na sakandare da Baba ya koyar, siririn nan da ba a jin muryarsa, wanda mahaifiyarsa ke wanki da guga a bayan tashar mota? To, ya zama mai shirya fim, kuma ba ƙarami ba. A 'yan watannin nan ya fitar da wani da ya karaɗe gari, a waya, a talabijin, har a shagon aski shi ake kunnawa. Ni ban san da shi ba sai wata safiya a kantin maganin da nake aiki. Ina bayan kanta ina zuba wa wata mata ƙwayoyin hawan jini a 'yar leda, ita da ƙawarta suna hira. Sai na ji tana cewa ai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, wai tsohon malamin nan mai keke da ake yi wa kallon waliyyi ashe da gumin maraya ya yi suna. Ƙawar ta ɗaga kai ta dube ni, ta taka mata ƙafa. Suka karɓi magani suka fice, ko bayanin yadda za a sha ba su tsaya ji ba. Abokiyar aikina ce ta ja ni ɗakin ajiya, muka tsaya tsakanin kwalaye, ta ce ta daɗe tana neman bakin da za ta gaya mini, amma gara in kalla da idona, gani ya kori ji.

Na kalla a ranar da yamma, ni da maigidana. Labarin wani malamin makaranta ne da ya ƙwallafa rai sai ya zama marubuci. Ya yi ta aika rubuce-rubucensa wajen masu buga littattafai ana dawo masa da su, abokan aikinsa na yi masa dariya, shi kuma yana ƙara ƙullatar duniya. Ana nan sai ya ba 'yan aji insha'i, ya ce kowa ya rubuta ranar da ba zai taɓa mantawa da ita ba. Wani yaro maraya ya rubuta tasa. Malamin ya karanta a ofis, jikinsa ya yi sanyi, don ya san duk tsawon shekarunsa bai rubuta abin da ya kama ƙafar wannan ba. Sai ya zabga wa yaron jan biro, ya ce masa ba shi da basira, ya je ya nemi sana'ar hannu, takardar kuma ya ninke ya jefa a aljihu. Bayan shekaru ya fitar da ita da sunansa, aka ba shi lambar yabo, ya sayi mota, ya gina bene. Yaron ya ƙare a wankin motoci, har wata rana ya wanke ta malamin, malamin ya miƙo masa ladansa ta taga bai ko gane shi ba. A nan aka rufe. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, an iya shiri. Da ba 'yar gidan nan ba ce ni, da na yi wa yaron kuka na tsine wa malamin kamar yadda kowa ke yi.

Ba a kira sunan kowa ba, ba a kira na makaranta ba. Amma wanda ya fito a malamin, shi da Baba kamar an tsaga kara. Keke mai kwando a gaba, alli a bayan kunne, goge tabarau da gefen riga, da wannan madalla da kai ɗin da yake faɗa kafin ya wanke mutum tas. Har ɗingishin da ya samu bayan faɗuwarsa a kwata ba su bari ba. Abin da yaron ya rubuta kuwa, labarin nan ne na littafin Baba, wanda shi ya ɗaga littafin har aka sa shi a makarantu. Na ɗan magini da ubansa ya faɗo daga kan gini ya rasu, aka aike shi ya karɓo kayan mamacin, aka ba shi takalmi da hula da kwanon abincin da uban bai kai ga buɗewa ba. Yunwa ta ci ƙarfinsa a hanya, ya raɓe a bayan wani kango ya cinye, ya zo gida ya ce wa uwarsa babansa ya ci abincinsa kafin ya faɗo, ita kuma ta yi hamdala cewa mijinta bai tafi da yunwa ba. Da aka zo wurin a fim ɗin, maigidana ya kife wayar a kan tabarma, muka zauna ba mai kallon wani.

Kai ka sani, mu ba mu ga mota ba balle bene. Lambar yabon ma takarda ce a firam, gilashinta ya tsage tun ina budurwa. Kuma duk tsananin Baba, ban taɓa jin ya ce wa yaro ba shi da basira ba. Amma wa zai tsaya tantancewa? Mutane sun ce ruwa ba ya tsami banza, shi ke nan an yanke hukunci. Tsofaffin da yake zama da su da yamma a ƙofar shagon mai gyaran agogo, wasu sun fara samun uzuri da zarar sun hango kekensa. Shugaban makarantar da ya yi wa hidima duk ƙuruciyarsa ya aiko cewa bana an hutar da shi miƙa kyautar gasar rubutu, wai saboda shekaru. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaran unguwa suka ɗauki madalla da kai suna jefa masa in ya wuce. Shi a lokacin bai san komai ba. Sai ya tsaya ya ɗaga musu hannu yana murmushi, ya zo gida yana gaya wa Mama wai ashe har 'ya'yan ɗalibansa sun gaji maganarsa, malanta ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ina wurin ya faɗa. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji ni.

Muka yi ta ɓoye masa. Kawu ya zo a fusace, ya ce sai an kai yaron nan kotu ya gane shayi ruwa ne. Ya ja ni wajen wani lauya abokinsa. Lauyan ya saurare mu har ƙarshe, ya ce tun da ba a ambaci suna ba, duk wanda ya kai ƙara shi ya ɗauki hular ya sa wa kansa, gobe jaridu za su ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kawu ya fito yana zagin lauyoyi da masu fim a haɗe. Mama kuwa ta rantse idonta ba zai ga wannan abu ba. Ta ce ita shaida ce a gaban Allah, a kan teburin cin abincinmu aka rubuta labarin nan, ita ke korar kowa tsakar gida don kada a dame shi. Ta ga ya rubuta ya yaga, ya sake rubutawa ya yaga, ta ga ranar da ya gama ya cire tabarau yana share ido. Ta ce ɓarawo ba ya kuka a kan kayan sata. Duk wadda ta shigo gidan da sunan jaje, Mama sai ta tare ta tun daga ƙofa ta ce ba a yi mutuwa ba.

Ta Auta ce ta fi ba ni tsoro. Ka san yarinyar nan tun tana firamare ba ta da buri sai ta zama marubuciya kamar Baba, kuma duk waƙar da ta rubuta shi ke fara gani. Da fim ɗin ya fito, ta yi kwanaki tana faɗa da mutane a waya, duk wanda ya taɓa Baba sai ta mayar masa da martani, har idonta ya faɗa. Sai wata rana ta daina. Ta zo gidana da littafin a jaka, ta zauna a bakin gado, ta ce ta sake karanta shi daga bango zuwa bango. Ta ce sauran labaran duk muryar Baba ce, da dogayen jimlolinsa da wa'azin da yake liƙawa a ƙarshe, amma wannan ɗaya babu wa'azi, gajere ne, kuma yana yanka kamar reza. Ta tambaye ni ko ban taɓa lura ba. Na ce ta rufe mini baki, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ita ba yankewa take so ta yi ba, so take ta san ko ya ruɓe. Tun daga ranar ba ta ƙara kai wa Baba rubutunta ba. Ya tambaye ta, ta ce jarrabawa ce ta sha kanta.

Magana dai zarar bunu ce, ba ta ɓoyuwa. Baba ya je aski, ya tarar ana kallon fim ɗin a shagon. Mai askin ya diririce yana lalube ya kashe, Baba ya ce ya bari. Ya tsaya a tsaye ya ga mutum da kekensa da allinsa yana ninke takardar yaro yana sawa a aljihu. Bai yi askin ba. Ya dawo gida ya aika a kira ni, ya ce in zo masa da abin gaba ɗayansa, daga farko. Na yi ta kawo dalilai, ya ce mini madalla da ke, na san kuma ba sauran magana. Bayan la'asar na haɗa masa a talabijin ɗin falo. Mama ta shige kicin tana buga tukwane kamar su suka yi mata laifi. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Ya kalla har ƙarshe, hannuwansa a kan gwiwa. Sau ɗaya kawai na ga ya motsa, lokacin da yaron ya tsuguna a bayan kango ya buɗe kwanon. Da aka gama, ya ce yaron da ya shirya fim ɗin ya iya aikinsa, wanda ya fito a malamin ne dai ya cika ɗingishi. Ya yi ɗan murmushi, ba wanda ya taya shi.

Washegari ya zaunar da ni ya gaya mini abin da ya sani. Ya ce littafin ya rubuta shi ne shekaru da yawa bayan ajinku ya fita. Labarin kuma, a iya saninsa, ya faɗo masa ne wata rana da yake tsaye a barandar makaranta yana kallon magina suna cin abincin rana a ginin da ke tsallaken titi. Ya zo masa a dunƙule, da kangon da kwanon da hamdalar uwar, har ya ɗauka kyauta ce Allah Ya yi masa bayan doguwar wahala. Ya ce ya duba insha'in yara fiye da yadda zai iya ƙirgawa, kuma ya rantse mini bai tuna wani mai kama da wannan ba. Bahagon ma da ƙyar ya tuno fuskarsa. Amma ya ce ba zai zauna yana kare kansa a falo ba, in nemo masa yaron, yana so su ga juna. Na roƙe shi ya bari, Kawu ya roƙe shi, Mama ta ce in ya taka ƙafarsa wajen ɗan nan ya zubar mata da mutunci. Ya ce mutuncin ai ya riga ya zube, so yake ya ga inda ya malala.

Ni na raka shi. Ofishin Bahago yana saman wani bene a babban titi, matattakala mai tsawo, Baba na hawa yana hutawa. Ɗaki ne mai baƙaƙen labule da kwamfutoci, wasu samari na aiki, da suka ga wanda ya shigo sai suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Na yi zaton zan ga mai girman kai. Sai ga mutum ya fara furfura, har yanzu siriri, ya miƙe tsaye, ya rusuna ya gaida Baba, ya kira shi Malam, ya ja masa kujera da kansa. Baba bai yi kwana-kwana ba, ya tambaye shi ko da shi yake. Bahago ya ce e, da shi yake. Ya ce mahaifinsa magini ne, daga hawa na uku ya faɗo, shi aka aika karɓo kaya, shi ya cinye abincin, shi ya yi wa mahaifiyarsa ƙaryar. Bai taɓa gaya wa wani mahaluki ba sai a takardar nan da ya miƙa wa malaminsa. Ya ce ranar da ya ci karo da labarin a rumfar mai sayar da littattafai, a tsaye ya karanta, ya zaga bayan rumfar ya yi amai. Daga nan ya shiga fargabar kada wani ɗan makwabta ya karanta wa mahaifiyar tasa littafin makaranta ta gane. Ya yi shekaru yana wannan tsaro. Sai bara da ta rasu, tana nan a kan imaninta cewa mijinta ya ci abincinsa, sannan ya ga ya samu damar buɗe baki.

Baba ya tambaye shi, to motar fa, da benen, da cewa ba shi da basira. Bahago ya sunkuyar da kai ya ce wannan kayan fim ne, in ba a sa ba mutane ba za su kalla ba. Ya ce gaskiyar ita ce Baba ya ba shi makin da ya fi na kowa, ya kuma karanta insha'in a gaban aji ba tare da ya faɗi mai shi ba, har muryarsa ta sarƙe a tsakiya, ko da yake duk ajin sun san uban wa ya faɗo daga gini. Daga nan Baba ya ce zai riƙe takardar ya nuna wa sauran malamai, bai kuma dawo da ita ba. Na dubi Baba. Ya ce in haka ne ya ci amana, yana neman gafara, kuma zai rubuta wa masu buga littafin su sa sunan mai labari a kan labarinsa. Bahago ya ce shi ba ya bukatar suna, yana da nasa. Abu ɗaya yake so, Malam ya dube shi ya ce ya tuna.

Yaya, na so a ce Baba ya faɗa kawai mu tashi. Kalma ɗaya ce. Amma ya ce ya gaskata shi, bai ga alamar ƙarya a tare da shi ba, amma ba zai ɗora ƙarya a kan laifi ba, bai tuna ba. Bahago ya yi wata irin dariya mara daɗi. Ya ce duk shekarun nan abin da ke sanyaya masa rai shi ne tunanin cewa malaminsa na can abin na cinsa a ciki, ashe ranar da ta fi kowace rana nauyi a rayuwarsa ta shiga kan mutum ta narke har ya zaci tasa ce. Ya ce da ya samu ɓarawon da ya san abin da ya ɗauka, da ya fi masa sauƙi. Shi ya riƙe hannun Baba ya sauko da shi matattakalar a hankali, kamar ɗa da uba. A bakin titi ya ce in Malam na son shaida, ya tambayi babban ɗansa, wato kai, benci ɗaya suke zama, kuma a ranar shi ya miƙo masa hankici ta ƙarƙashin tebur.

Tun daga ranar Baba bai koma daidai ba. Ya rubuta wa masu buga littafin cewa su cire labarin, ba su amsa ba tukuna. Ya sauke firam ɗin daga bango, ya bar ƙusar. Ba ya fita sai masallaci, keken ma ya jingine shi tayoyin sun sace. Abinci sai an yi da gaske yake taɓawa, jininsa ya hau, ni ke auna shi kullum kafin in wuce aiki. Littafinsa na biyu da ya daɗe yana fama da shi, wanda yake cewa shi ne zai nuna ko shi wane ne, yanzu zama yake ya baza takardun a kan tebur yana bin labaran ɗaya-ɗaya yana tambayar na wane ne. Ya tambayi Mama ko na telar nan daga bakinta ya ji. Ya tambaye ni ko na matar asibiti ni na ba shi. Mama ta ce in ya ƙara yi mata irin wannan tambaya za ta tattara takardun ta kai gidan Gwaggo. 'Yan biyu sun je ranar hutu suka haye cinyarsa wai ya ba su labari kamar yadda ya saba, ya shafa kansu ya ce su yi haƙuri, labaransa sun ƙare. Auta na jin haka ta tashi ta shige ɗaki. Ta gaya mini daga baya cewa ita ma ta kasa rubuta ko layi ɗaya, da ta ɗora biro sai ta ji kamar ta taɓa jin maganar a wani wuri.

Ni kaina ban san da wa zan yi fushi ba. In na tuna yaran da ke bin tsoho da tsokana, da motar ƙarya da benen ƙarya, sai in ji kamar in koma benen nan in zazzage wa Bahago abin da ke cikina. In kuma na tuna mutum yana gadin mahaifiyarsa shekara da shekaru kada littafin makaranta ya tona masa asiri, sai bakina ya mutu. Gari dai ya fara gajiya da zancen, an samu wani sabon abin yayi. Mu aka bari da shi a cikin gida.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Baba ya ce in tambaye ka. Shi ba zai iya a waya ba, ya ce in ya ji muryarka zai gane amsar kafin ka shirya ba da ita, kuma ba ya so ya yi maka haka. Kana ajin ranar? An karanta insha'in? Shi ne wannan labarin, ko wani ne mai kama da shi? Zan kuma ƙara da tawa tambayar, ka yafe mini in na wuce gona da iri. Na tuna ranar da aka yi taron fitowar littafin, kowa na murna, kai ka zauna a baya, ka fita tun ba a tashi ba, ka ce kanka ke ciwo. Duk cikinmu kai kaɗai ne ba ka taɓa neman Baba ya sa maka hannu a naka ba. Da ina ɗauka halinka ne na rashin son hayaniya. In ka daɗe da sani kana ɗauke da shi kai kaɗai don kada ka karya masa zuciya, to ban ga laifinka ba, Allah Ya san ni ma da abin da zan yi ke nan. Amma yanzu shirun ba ya kare kowa. Rashin sanin ne ke cinsa, fiye da zagin mutane.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata mayafin ya iso kuma ya yi mini. Ka shafa mini kan yara, babban a ce ya dage da karatu, ƙaramar kuma a ce ina nan ina jiran hoton da ta yi mini alkawari. Mama na gaishe ku, ba ta san na rubuta wannan ba, don Allah in kun yi waya kada ka nuna mata. Gwaggo da Kawu da maigidana da Auta duk suna gaisuwa, 'yan biyu sun ce a gaida Kawunsu. Ka ba ƙanen Anti amsar in zai dawo, a rufe, da sunan Baba a bayan ambulan, ni zan kai masa hannu da hannu. Da na ce wa Baba zan rubuto, ya kira ni har na kai ƙofa, ya ce in gaya maka yana sa maka albarka ko me ka faɗa, kuma kada ka sassauta masa, shi ma bai taɓa ƙara wa ɗalibi maki don tausayi ba.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya ba mu ikon ɗaukar gaskiya duk inda ta faɗo. Wassalam.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai bi maka.